Gatarin Kubura Ya Kwana Gida

A Sandamu akwai wani lungu da ba ya ɓullewa, kuma gida na ƙarshe a cikinsa shi ne na Inna Kubura. Ba wanda hanya ke biyowa da shi ta ƙofarta. Duk wanda ka gani a zaurenta, to takanas ya zo. Amma shekara da shekaru ƙofar ɗakinta ba ta rabuwa da takalman baƙi, kuma ba abin da ke kawo su sai gatari.

Kubura 'yar maƙera ce, daga Zango aka kawo ta. Mahaifinta, Sha'aban Maƙeri, bai taɓa yarda akwai wata damuwa a duniya da ƙarfe ba zai yi maganinta ba. Ranar da ake mata jere a gidan Malam Mainasara, dangin uwa suna ta goge kwanoni da tasoshi, sai ga shi ya yi sallama da buhu a kafaɗa, ya dire a tsakar gida. Aka kwance bakin buhu, sai ga gatura. Akwai babba na faskare, mai nauyi da kaurin baki. Akwai ƙarami na saran ƙashi da 'yan ƙirare. Ga kuma barandami mai faɗin baki na saro wa awaki ganye. Mata suka ɗauki salati. Wata gwaggon amarya ta riƙe haɓa ta ce, "Sha'aban, yarinyar nan aure za ta yi ko yaƙi za ta?" Ya ce kwano hujewa yake yi, ya naɗe buhunsa ya fita.

Kwanonin kuwa sun huje tun ba yau ba, wasu ma kaji ke shan ruwa a ciki. Gatura suna nan. An sake musu ƙota ba adadi, an wasa su har sun rage tsawo, amma ƙarfen na Sha'aban ne. Tun amarya ba ta gama sanin sunayen mutanen lungu ba labari ya bazu cewa akwai gatarin kirki a gidan Malam Mainasara, kuma daga lokacin babban gatarin nan bai cika kwana gida ba.

Sai dai aron gatari a wajen Kubura ba kamar aron rariya ba ne, da za ka tsaya a bakin ƙofa a miƙo maka. Da farko, ba a aiko mata yaro. Ta ce gatari ba abin hannun yara ba ne, kuma gaskiyarta ce. Amma wanda ya san ta ya san babban laifin yaro shi ne ba shi da labari. Dole matar gida ta zura hijabi ta zo da ƙafarta, ta zauna, a gaisa, a tambayi maigida da yara da awaki, sannan a shiga magana.

"Me za a sara?"

"Itace ne, Inna."

"Na san ba ruwa za ki sara ba. Wane itace? Ɗanye ko busasshe?"

"Busasshen marke ne, gungume guda."

"Marke sai babba. Ƙaramin nan in kika kai masa marke, maƙalewa zai yi, ki wuni kina kokawa da shi." Sai ta kalli mai aro ta wutsiyar ido. "Gungumen marke guda, ba salla ba, ba biki ba? Me ake dafawa haka?"

"Baƙi za mu yi."

"Daga ina?"

Kafin gatari ya fito daga bayan randa, Kubura ta san su wane ne baƙin, da abin da ke tafe da su, da wanda bai so zuwansu ba a gidan. Ba ta kai maganar wani gidan wani, wannan kowa ya shaida mata. Ita dai a bar ta ta sani, ta ba da shawarar da ba a tambaye ta ba.

Inda ta fi ƙwarewa shi ne itacen jego. Wanda matarsa ta samu ciki dole ya fara tara itacen da za a dafa ruwan wanka da shi, kuma itacen nan sai an faskara. Don haka da ta ga gida ɗaya ya dami babban gatari da aro, ba ta tambayar komai, sai ta ce, "Allah ya raba lafiya." Akwai matar da ta ce Inna Kubura ta riga ta sanin cikinta, amma wannan ƙari ne.

In an dawo da gatari ma sai ta duba shi. Ta ga maiƙo a bakin ƙarami, ta san an yi yanka a gidan, ta kuma san ba a aiko mata ba. Ta ga giɓi a kaifi, ta san an yi sara a kan tsakuwa. Abin da ba ta yafewa ko kaɗan shi ne tabo a wuyan ƙota, wato mai sara ya zarce, maimakon ƙarfe ya sauka a kan itace sai ƙota ta sauka. Wadda ta yi wannan za ta sha faɗa tun daga ƙofar ɗaki har zaure. "Da ido ake sara, ba da ƙarfi ba! Tun da nake ban taɓa dukan itace da ƙota ba." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Kubura ba ta ƙarya, wannan ma yana cikin abubuwan da ke sa zama da ita wuya.

Wadda ta fi kowa shan faɗan nan ita ce Talatu mai waina, ta gidan farko a bakin lungu. Shekara ɗaya aka kawo su aure, tare suka yi goyo, tare suka tsufa, kuma ba a taɓa ganin sun rabu ba tare da ɗaya ta yaɓa wa ɗaya magana ba. Talatu ba ta kiranta da komai sai "'yar maƙera". Kullum tana cewa za ta sayi nata gatarin ta huta da gori, kullum kuma da hantsi tana kan tabarmar Kubura.

Ita kuwa Kubura ba ta da aiki sai mita. "Sun hana ni sakat. Ko gyangyaɗi ba na samu. Wai ni kaɗai ce mai gatari a ƙasar Daura?" Tana faɗa tana shimfiɗa tabarma ta biyu. Duk matan lungun sun san mitar nan ba ta kai zuci ba. Bayan Malam Mainasara ya rasu, 'yan matan gidan suka yi aure suka watse, gida ya rage daga ita sai awaki, masu aron nan su ne mutanenta, su ne dalilin da take share tsakar gida da sassafe.

Mutum ɗaya ne bai san haka ba, shi ne ɗanta Hafizu.

Hafizu ɗan fari ne, don haka akwai kunya tsakaninsa da uwarsa. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "mutanen Kano", don can yake sayar da kayan gini. Ba sa zama su yi hira. Gaisuwa ce, sai shiru, sai ya tashi. Son da yake mata sai ya bi ta kaya: katifa, fitila, waya, maganin gwiwa. Ya yi juyin duniya ta koma Kano, ta ce ba ta san wanda za ta bar wa awaki ba.

Wata kaka ya zo ya yi 'yan kwanaki. Yana kwance a ɗakin zaure, sallama ba ta yankewa. Ya ga tsohuwa ta dafa gwiwa ta miƙe ta ɗauko gatari, ta zauna, wata ta shigo, ta sake miƙewa. Ya ji da kunnensa tana cewa an hana ta sakat. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya tambayi ko da Talatu ce, da ta yi masa dariya ta sallame shi. Bai tambayi kowa ba. Yaran kirki haka suke, sai sun gama alherin suke neman shawara.

Ranar Lahadi ya tada mota ya tafi kasuwar Mai'aduwa, ya wuni a rumfar maƙera. Da la'asar sai ga shi da bayan mota cike da gatura. Ya bi lungun gida-gida, kowane gida babba da ƙarami, masu awaki har da barandami. Duk inda ya miƙa sai ya ƙara da cewa, cikin ladabi, "Don Allah a riƙa barin Inna tana hutawa."

Magidanta suka taru a ƙofar gida suna sa albarka. Liman ya yi doguwar addu'a, ya ce a zamanin nan samun ɗa mai tausayin uwa sai an tona. Mata suka cika tsakar gida, kowace da sabon gatari a hannu, suna taya Kubura murna. Ita kuma tana zaune tana amsa "amin, amin", a baki kawai.

Fata ɗaya ya rage mata: ɗan birni ne, me ya sani? Ƙila 'yan kasuwa sun haɗa shi da tarkace. "Ku miƙo in gani," in ji ta. Ta karɓi na Siddiƙa, maƙwabciyarta ta jikin katanga. Ta ƙwanƙwasa ƙarfen da zobe, ta kara a kunne, ya yi ƙara siririya mai tsawo. Ƙarfen sifirin mota ne, irin wanda ba ya lanƙwasa. Ta duba ƙota, tana roƙon Allah ta ga ɗanyar darbejiya wadda za ta bushe ta saki ƙarfe kafin wata ya mutu. Aduwa ce, busasshiya, ba tsaga ba cin ƙwaro. Ta girgiza, ko motsi. Ta karɓi na Talatu, ta karɓi na gaba, ta bi su duka, ko ɗaya babu na yarwa. Sai a lokacin ta tuna yadda Hafizu, tun yana ƙarami, yake tsugunawa a gefenta duk sanda take zaɓen ƙota, ba ya cewa uffan. Ashe ji yake yi. Alfahari ya cika ta, haushi ma ya cika ta, ta rasa wanda za ta haɗiye.

"Ba laifi," ta ce. A bakin Kubura wannan shi ne ƙarshen yabo. Hafizu, da ke laɓe a zaure, ya ji, ya koma Kano da farin ciki.

Kwanakin farko ta yi barcin rana, ta ce wa kanta ashe haka hutu yake da daɗi. Daga nan barcin ya ƙi zuwa. Takan share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna tana kallon zaure har inuwa ta bar wurin, sannan ta naɗe. Gatura suna jingine a bayan randa, gizo-gizo ya fara yi musu saƙa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne tana jin su. Da hantsi lungun duk sai ya ɗauki sara, kaf, kaf, daga kowane gida, kuma daga ƙarar kawai ta san wadda ke bin jijiyar itace da wadda ke dukan gaɓa a banza. Wata rana ta kasa daurewa ta ɗaga murya ta kan katanga. "Ke Siddiƙa! Juya shi, bi ta inda ya fara tsagewa!" Aka amsa, "To, Inna, na gode." Aka juya, itace ya tsage, shiru ya dawo.

Ba wai matan lungun sun yi mata butulci ba ne. Mace mai tukunya a wuta da yara a gindi ba ta fita haka kawai. In ta ɗauki hijabi maigida zai ce ina zuwa, kuma a duk amsoshin duniya babu wadda ta kai "aron gatari" rufe bakin namiji, don shi ma tuwon yake jira. Yanzu ga gatari a gindin kowane murhu, ga kuma roƙon Hafizu wanda liman ya sa wa albarka. Ko Talatu sai ta koma leƙowa jefi-jefi, a tsaye, ta ce ba ta son ta hana 'yar maƙera hutu.

Kubura kuma ba ta iya zuwa. Ta shafe rayuwarta tana yi wa mata masu yawon gida-gida faɗa, a gaban kowa, da sunayensu. Ita ba ta shiga gidan mutane sai barka ko ta'aziyya ko dubiya. Ba ta taɓa aron ko allura ba, kuma ta tabbatar kowa ya san da haka.

Aka shiga bazara. Wata rana Bafillatanar da ke kawo mata nono daga ruga tana cikin awo sai ta ce, "Inna, ke ba ki je barka ba? Na ga gidan Murjanatu cike." Kubura ta ce barkar me. "Au, ai ta sauka tun shekaranjiya. Namiji." Murjanatu matar Hussaini tela ce, a lungun nan take. Ciki ya girma, an tara itace, an faskara, an haihu, kuma sai daga ruga labari ya zo wa Kubura.

Ta je barka. Aka yi mata shimfiɗa ta musamman, aka kawo mata ruwa a kofin baƙi. Ana hira ana dariya a kan abubuwan da ba ta san farkonsu ba. Ba wanda ya ɓoye mata komai. Kowa ya ɗauka ta sani, tun da ita ce mai sani. Ta dawo gida ta zauna a bakin gado, ta ji kaɗaici irin wanda ko ranar da aka fita da Malam Mainasara ba ta ji ba, don ranar gidan cike yake da mutane. Ta yi kuka, kaɗan, ta share da gefen zane.

Da yamma mutanen Kano suka bugo waya. "Inna, ana dai samun hutu ko?" Me za ta ce wa ɗan fari, wanda ya yi abin da kowa ya yaba? "Ana samu," ta ce. "Allah ya yi albarka." Wannan ma gaskiya ne, hutu kam har ya yi yawa.

Ta kwana biyu tana juya abin, har ta gane cewa tun da ba mai zuwa aro wurinta, sai dai ita ta je aro. Amma mai gatari a bayan randa ba ta aron gatari sai da dalili, kuma ba za ta je ta ce ƙota ta karye alhali lafiyarta ƙalau ba. In dai za ta faɗa, to sai ta karye ɗin.

Da safe ta fito da babban gatari. A gefen katanga akwai itacen da Hafizu ya sa aka sauke mata, amalanke guda, ba a taɓa ba. Ta ɗora gungume, ta gyara tsayuwa, ta yi niyyar zarcewa yadda Talatu ke yi ba tare da ta yi niyya ba. Ta ɗaga, ta sauke. Itace ya rabe biyu, tsaf, ta tsakiya.

Ta yi tsaki, ta ɗora wani. Ta ce wa hannunta ya wuce gaba kaɗan. Hannu ya ƙi, wannan ma ya rabe. Ta gwada da ido ɗaya a rufe, ta gwada tana kallon akuya, ta gwada tana tuna liman da doguwar addu'arsa. Duk inda ta sauke, ƙarfe sai ya nemi jijiyar itace ya bi. Zufa ta jiƙa mata riga, gwiwa ta fara ƙorafi. Da ta ɗaga kai ta duba, sai ta ga ta faskare itacen amalanken nan kaf, ga shi jibge a gefe, wanda zai kai ta damina. Saura kututture ɗaya na ƙirya, baƙi ƙirin, mai gaɓa, irin wanda ko ƙato yake kewayewa.

In wannan ma ya tsage, ba ta da abin da za ta ce za ta sara. Ta matsa gaba sosai har ƙafarta ta kusa taɓa shi, ta runtse ido, ta ce, "Baba, ka yafe mini," ta sauke. Ƙota ta daki ƙirya, girgizar ta bi ta hannu har haƙori. Ba ta karye ba. Aduwa ce, ita da kanta ta zaɓe ta. Ta ƙara, ta yi ta ƙarawa, tana jin kunyar ƙarar, don ta san duk mai kunne a lungun ya san wannan ba sara ba ne. Can ƙota ta rabu, ƙarfen ya yi tsalle ya faɗi kusa da turke, awaki suka zabura suna kuka. Kubura ta tsaya da guntun ƙota a hannu tana haki. Ta yi tsammanin za ta ji daɗi, sai ta ji kamar ta mari wanda bai yi mata komai ba.

Ta yi wanka, ta sa hijabin zuwa biki, ta cire, ta sa na kullum don kada a ce ta shirya. Ta ɗauki guntun ƙotar don shaida, ta fita.

Talatu tana gindin tanda tana juya waina sai ta ga mutum a kanta.

"Lafiya, 'yar maƙera? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu." Kubura ta kalli katanga, ta kalli kaji. "Ƙota ce ta karye. Na ce ko gatarinki na kusa."

Talatu ta ajiye cokali. Ta karɓi guntun, ta juya shi a hasken rana. Wuyan ƙotar duk ya daddauje, tabo a kan tabo, wuri ɗaya, duk sababbi. Ta kalli tabon, ta kalli matar da ta yi shekaru tana mata faɗa a kan tabo guda. Kubura ta shirya wa dariya. Ta san in Talatu ta fara sai an ji a bakin titi. Talatu ba ta yi dariya ba. Ta sa gefen zane ta goge ido, ta ce hayaƙi ne.

"Ai kuwa kin makara," ta ce. "Siddiƙa ta are shi ɗazu."

"Siddiƙa ba tana da nata ba?"

"Ni na sani? Je ki tambaye ta. Amma ba za ki fita gidan nan ba ki ci waina ba."

Kubura ta zauna. Waina ta zo da zafinta. Talatu ta kwance bakin jaka: wanda ya sayi babur, wadda ta yi yaji ta dawo, rigimar iyakar gona da aka kai gaban mai unguwa. Kubura ta ce ai da an tambaye ta da ba a kai ga mai unguwa ba. Talatu ta ce shi ya sa ba a tambaye ta ba. Suka yi faɗa mai daɗi har tanda ta huce. Da Kubura ta miƙe, tana zaure ta ji Talatu a ciki tana cewa, "Ina wayar nan tawa? Maza ku miƙo mini!"

Siddiƙa ta tare ta da fara'a, tana ɗan haki. Wayyo, Inna, sai dai a duba gidan liman. Amma ga kunu da zafinsa, kuma dama tana son ta tambayi Inna wani abu a kan yaye. A gidan liman aka ce a gwada gaba. Lungu mai gatari a gindin kowane murhu, ranar nan ko ɗaya ba a samu ba, kuma a kowane gida akwai abin da aka daɗe ana son a tambayi Inna. Ta yi azahar a wani gida, ta yi la'asar a wani. Ta duba wa wata ƙurjin yaro, ta raba wata gardama, ta yi wa wata faɗa a kan yadda ta bar itace kusa da randa yana shan ruwa. Gwiwar ma ta manta tana ciwo.

Gidan Murjanatu ne na ƙarshe. Mai jego tana ɗaki, an gama wankan yamma. Ta ce, idonta a ƙasa, "Inna, namu ma ba ya inda muke ajiye shi." Aka miƙo jariri. Kubura ta zauna a bakin gado ta karɓe shi, ta buɗe zane ta duba cibiya, ta ce an iya gashi. Tana gyara zama sai diddigenta ya taɓa wani abu a ƙarƙashin gado. Ba ta buƙatar dubawa, ƙafarta ma ta san aduwa. An tura shi ne da gaggawa, ƙotar ta leƙo waje.

Ta ɗago ido. Murjanatu ta ga ta gane, ta ƙara sunkuyar da kai. Kubura ta ji godiya ta taso mata daga ƙirji, mai nauyi, irin wadda ba ta saba ɗauka ba, don ita ta saba a yi mata. Matan lungu guda sun wuni suna ɓoye gatari don tsohuwa ɗaya ta samu wurin zuwa.

Ta sa diddige ta tura ƙotar ciki sosai, yadda ba mai gani.

"To," ta ce, tana jijjiga jariri. "In ya samu a ajiye mini."

"Sai dai ki leƙo gobe, Inna. Ƙila a dace."

"Zan leƙo," in ji Kubura. "Ƙiryar nan ba inda za ta."